Tabawa da Gishiri Shuɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari an yi wata yarinya, Tabawa. Wata rana ta gaya wa kakarta gobe za su haɗa gishiri shuɗi a makaranta. Tsohuwa ta yi dariya har da tafi.

"Ke 'yar nan, shekara sittin ina miya ban ga gishiri shuɗi ba. Kawo shi, zanen saƙin nan nawa ya zama naki."

Washegari Malama ta ba kowa ruwan asid mai ɗumi da wata baƙar hoda. Ta ce, "Hodar nan ke kashe kaifin asid, su haifi gishiri. Guba ne, kada wanda ya lasa."

Tabawa ta tuna yadda Kaka ke sa wa yakuwa kanwa kaɗan-kaɗan don ta kashe tsaminta. Ta zuba kaɗan, ta motsa. Ta zuba kaɗan, ta motsa, har hodar ta daina narkewa. Ta tace, sai ga ruwa shuɗi.

Kowa ya ɗora nasa a wuta. Sauran yara suka yi ta ƙara wuta, nasu ya ƙafe ya bar farin gari. Ita kuwa da rabi ya rage sai ta sauke, ta ajiye a inuwa. Suna ta tsokanarta: "Ruwa za ki kai wa Kaka?"

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. A na uku sai ga ƙwayoyi shuɗɗa suna ƙyalli, Malama ta rufe mata su a kwalba.

Kaka ta ɗaga kwalbar a rana, ta daɗe tana kallo.

"To, ɗauki zanen. Amma kada ki kuskura ki raɓi tukunyata da shi."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, tatsuniya ta sauka.