Fatar Zomo da Farar Rigar Ishbel

Ruwa ake tsugawa ranar wasannin gargajiya a garinmu Oban na ƙasar Scotland, irin ruwan da ba ya hana kowa fita. Struan na tsaye a layin masu sayen shayi sai sarƙar sporran ɗinsa, jakar fatar da mazanmu ke ratayawa a ƙugu, ta tsinke. Jakar ta suɓuce daga gaban kilt ɗinsa, zanen gargajiyar maza, ta kife a taɓo, makullai da waya da rabin biskit suka watse.

Wata budurwa mai jan gashi ta durƙusa tana taya shi tsincewa.

"Har biskit ɗin za a mayar?" ta ce.

"Bar shi, na yafe wa tsuntsaye."

Ta zare fil daga gashinta ta haɗe masa sarƙar, ta juya jakar tana dariya ƙasa-ƙasa. "Wannan ai irin ta shagon 'yan yawon buɗe ido ce."

Kunnuwan Struan suka yi ja. Gaskiya ta faɗa, fata ce mara ado, wadda ake sayar wa baƙi su ɗauki hoto. Amma kafin ruwan ya tsagaita ya san sunanta Ishbel, malamar jinya ce, kuma lambarta ta shiga wayar da ta tsamo masa daga taɓo.

Shi ma'aikacin jirgin fito ne. Duk zuwa tsibiri da dawowa sai ya rubuta mata.

"Mai Fil, teku yau ya yi lumui. Ke kaɗai ce babu."

"Ka kula da igiyar jirgi, ka bar zaƙin baki. Na yi kewarka."

Matsalar ɗaya ce, mahaifinta Murdo. Tsohon mai busa ne, kuma shi ke shugabantar rawar shekara ta garin. A wurinsa namijin da ya shigo taron dare da jakar rana mara ado, to bai ɗauki mutane da daraja ba. Ta dare sai mai gashi a gaba, da bakin ƙarfe mai sheƙi, da tuntaye uku na lilo. Ga kuma Torquil, ɗan amininsa, da jakarsa ta gado mai bakin azurfa tsantsa, yana yawan zuwa gidan gaisuwar da ba a aike shi ba.

"A wurin rawar zan gabatar da kai," in ji Ishbel. "Ka zo yadda kake, masoyina. Baba zai yi ƙorafi, ya gama."

Struan ya ce to, amma zuciyarsa ba ta ce to ba. Ya kasa jure tunanin tsayawa kusa da Torquil da jakar 'yan hoto.

Ya samo fatar zomo wurin wani abokinsa maharbi, ya yi odar bakin ƙarfe mai araha, ya baje su kan teburin kicin. Ɗinki zai ci lokaci, sai ya malala gam ya manna fatar a gaban jakarsa ta shago. Tuntayen ma ya naɗa su da ragowar fatar ya liƙe. Da ya ja baya ya duba, sai ga zomo sak, fari da ruwan ƙasa, saura kunnuwa. Nan dabara ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa sai ga mai soyayya. Ya ɗauko baƙin man takalmi ya mulke gashin tas, ya goge har ya yi ƙyalli.

Mahaifiyarsa Morag ta leƙo tana toshe hanci. "Struan, anya kuwa?"

"Ya bushe, Mama."

A ƙofar zauren rawa Murdo ya kalle shi daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya kan jakar.

"Ba laifi. Ta wa ce?"

Torquil na gefe yana shafa azurfarsa. Bakin Struan ya riga hankalinsa.

"Ta kakana ce, Baba."

Murdo ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Ishbel ta fito cikin farar doguwar riga, ta marigayiya mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa sawa ba sai ranar. Aka tashi kiɗa. Kowane namiji ya murɗa jakarsa zuwa kwankwaso kamar yadda aka saba, don kada ta bugi abokiyar rawa. Struan ya kai hannu, ya ji bakin ƙarfen na motsi a kan gam. In ya ja, zai iya ɓallewa a gaban kowa. Sai ya bar ta a gaba.

Zauren ya ɗauki zafi, suka yi juyi, suka rungumi juna, suka sake juyi. Da kiɗa ya tsaya sai idanu suka koma kan Ishbel. Gaban farar rigar ya yi baƙi dumu-dumu, tun daga ƙugu har gwiwa, ga gashin zomo manne a jiki. Tuntu ɗaya na kwance a tsakiyar fili.

Torquil ya ɗaga shi da yatsu biyu ya shinshina. "Ashe kakan naka ɗan shushaina ne?"

Wasu suka tuntsire. Ishbel ba ta yi dariya ba, rigar kawai take kallo, hawaye na zuba. Struan ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya fice ko haƙuri bai iya bayarwa ba, kuma wannan ya fi man takalmin muni.

Ya koma jirgi ya karɓi aikin duk wanda ke son hutu. Saƙonninta na shigowa yana karantawa, kunya na hana shi amsa.

"Ina ka shiga?"

"Riga ta ɓaci, na yi kukana na gama. Shirunka ne ban gane ba."

"Torquil ya kai rigar wurin masu wanki, tabon ya ƙi fita. Baba ya ce wanda ya gudu ya bar mace cikin fili ba miji ba ne. Na rasa abin da zan ce masa, Struan."

Da ya ga sunan Torquil sai ya ɗauka an gama da shi. Ita kuma ta ɗauka ya daina sonta. Morag ce ta gaji da ganinsa yana juya cokali a miya.

"Kunya ba ta wanke riga," ta ce. "Tashi ka je, ɗauki abin nan naka ka tafi da shi."

Da hantsi ya sami Murdo a lambu yana yanke busassun rassa. Ya miƙa jakar da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Baba, ƙarya na yi. A shago na saya, ni na liƙa mata fata. Na ɓata rigar mahaifiyar Ishbel, na kuma gudu. Ba ni da bakin magana."

Murdo ya ajiye almakashi. "Tun a ƙofa na san ƙarya ce. Kakanka Hector ya zo bikina da jakar rana duk ta koɗe, ya fi kowa rawa, babu wanda ya kalli ƙugunsa. Rigar ta yi min ciwo, yaro. Amma ka ɗauko mutumin kirki daga kabari ka rataya masa abin da bai taɓa kunyar rashinsa ba, wannan ne na kasa haɗiyewa."

Struan ya kasa ɗagowa.

"Kana sonta?"

"Ina sonta, Baba."

"To je ka ɓare wannan ƙazantar. Ka sake yi, da zare da allura. Ranar da za ka iya cewa taka ce ba tare da kunnuwanka sun yi ja ba, ka dawo mu yi magana."

Ishbel na bayan ƙofar kicin, ta ji komai. Bai kai bakin titi ba wayarsa ta yi ƙara.

"Baƙin Zomo, gobe ina da hutu. Ka tanadi shayi. Har yanzu ina fushi."

Tare suka yi aikin. Suka kankare gam, suka wanke fatar jakar har ta koma yadda take. Ya samo sabuwar fatar zomo, wannan karon ya bar ta da launinta. Ya huda ramuka, ta nuna masa ɗinki irin na asibiti, ya soke yatsa ya fi a ƙirga. Bakin ƙarfen ya ɗaure shi da ƙananan kusoshi, tuntayen ya rataye su da sarƙa.

Saura shafin ciki. Ishbel ta buɗe jakarta ta fito da wani farin ƙyalle mai baƙin tabo.

"Tela ta cire gaban rigar ta sa sabo. Wannan naka ne."

"Ishbel, ba zan iya kallonsa ba."

"Shi ya sa zai zauna a ciki. Duk sanda ka sa hannu ɗaukar makulli, ka tuna ba a gudu a bar ni."

An ɗaura auren da bazara, a ƙaramin cocin kan tudu. Amarya ta sa rigar mahaifiyarta, Morag ta yafa mata gyalen gidansu ta maƙale da fil. Torquil ma ya zo, ya ci abinci sosai.

A ƙofar zaure Murdo ya tare ango, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce, Baba. A shagon 'yan hoto na saya, zomon kuma ni na ɗinka."

Murdo ya leƙa kunnuwansa, na dama da na hagu, sannan ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana. Ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin, mai busa ya gyara tsayuwa. Struan ya miƙa wa matarsa hannu, sai ta noƙe tana kallon ƙugunsa.

"Zomona," ta ce a hankali.

Ya kama jakar ya murɗa ta zuwa kwankwaso da ƙarfinsa, babu abin da ya motsa. Sannan ta ba shi hannun.