Bututun Reshen Hagu

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Garwa, aka ce an tsinci gawa a rumfar gyaran jiragen sama na soja. A shekarun nan ɗan sanda ba ya son shiga harkar soja, amma mamacin farar hula ne, dole Sufeto Ilyasu ya je.

Sunan mamacin Hayatu, makaniken jirgi. Yana kwance ƙarƙashin reshen hagu, wato fiffiken hagu, na wani ƙaton jirgin ɗaukar sojoji da kaya, ƙeyarsa a fashe. Shugaban makanikai, Sarjan Fulbert, yana tsaye a gefe yana ta goge hannu da tsumma.

"Daga tsani ya faɗo, Sufeto," in ji Fulbert.

"Wane tsani?"

"Ga shi can."

Sufeto ya duba. Tsanin yana jingine a reshen dama. Ya sunkuya ya ɗaga hannun mamacin, ya ji yana warin man jirgi. Daga nan ya nufi gidan Hayatu a unguwar Pumpumre.

Matarsa Lauratu ta yi masa magana daga bayan labule.

"Jiya ko tuwo bai ci ba, ranka ya daɗe. Tukunyata ya ɗauka, wadda Uba mai walda ya liƙe mini, ya yi ta shafa wajen liƙin. Na ce Malam lafiya? Ya ce, 'Yau na ga irin wannan aikin a cikin jirgin gwamnati.'"

Rumfar Uba tana bayan mahauta, cike da tukwane da butoci. Sufeto ya tambaye shi ko ya taɓa liƙe kayan jirgi.

"Ni da jirgi? Haba yallaɓai! Ko keke ba ni da shi."

"Bayan azahar jirgin nan zai tashi zuwa Yawunde, Uba. Akwai matan sojoji a ciki, akwai goyo."

Uba ya ajiye guduma. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama.

"Wani bututu aka kawo mini, ya tsage. Ce mini aka yi na famfo ne."

"Wa ya kawo?"

"Mai kaki ne. Don Allah kada ka tambaye ni fuska, ina da 'ya'ya."

Sufeto ya kai maganar gaban kumandan sansanin. Kumandan ko kujera bai ba shi ba.

"Bututun da ke cikin jirgin nan ya fi hanjin saniya yawa. Wanne zan buɗe? Umarni daga Yawunde ya zo, kuma Sarjan ya ce komai lafiya. Ba zan tsayar da jirgin soja saboda mai gyaran tukunya ba."

"To wa zai bi jirgin daga cikin makanikai?"

"Ƙa'idarmu, wanda ya yi gyara shi ke bi. Amma Fulbert ya ce zazzaɓi yake ji."

Sufeto ya leƙa taga ya dubi jirgin. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga jirgi ba.

"A bi ƙa'ida, mon kumandan. Ni zan zauna kusa da shi in riƙa ba shi ruwa."

Kumandan ya yarda, aka shigar da Fulbert jirgin, Sufeto na gefensa, aka rufe ƙofa. Cikin jirgin zafi kamar tanda. Mata sun jeru a bencin tamfol da ƙunshin kayansu, wata na ba jaririnta nono. Injin dama ya yi tari ya kama. Na hagu ma ya kama, jirgin duka ya ɗauki karkarwa.

Sufeto ya shiga lissafi a ransa. In ya yi kuskure, aikinsa ya tafi. In kuwa ya yi daidai amma mutumin nan ya daure, to duk sun tafi. Yana ta karanto addu'a a zuci, farkonta na ɓace masa.

Fulbert bai ɗauke ido daga tagar hagu ba. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Me kake kallo, Sarjan?"

"Ba komai."

Jirgi ya fara gangarawa. Ya juya ya fuskanci doguwar hanyar tashi, ƙara ta ƙaru har haƙora na haɗuwa. Jaririn ya tsala kuka.

Fulbert ya zabura, ya faɗa kan ƙofar matuƙa yana duka da hannu biyu.

"Arete! Ku tsaya! Ku kashe injin hagu! Zai kama wuta!"

Da farfela ta tsaya, nan ya durƙushe a ƙasa, magana na zubo masa.

"Sabon bututu bai zo daga Duwala ba. Aka ce in jirgi bai tashi ba, ni zan kwana a kurkuku. Na ce liƙin zai kai Yawunde, can sai a sake. Hayatu ya gani, yana ɗiga. Da safen nan ya ce zai faɗa. Na roƙe shi, na roƙe shi, sifana tana hannuna..."

Sufeto ya ciro ankwa. Wani soja ya taya shi, suka sa wa Fulbert.

Suka sauko, aka nufi mota da Fulbert. A ƙarƙashin reshen hagu mai yana zuba kamar an kwance famfo, kumandan na tsaye yana kallo, hularsa a hannu.

Matar mai jariri ta leƙo daga ƙofar jirgi.

"Yallaɓai, wai yau ba za a tafi ba ke nan?"

"Ba za a tafi ba, baiwar Allah," in ji Sufeto. "Sauko da yaron a hankali."