Ɗaki na Huɗu a Faifan Sarkin Ƙofa

Faifan yana juyi yana kuka, ƙirr-ƙirr, kamar tsohon keken ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan kukan a cikin kwamfutar da ake kira Sarkin Ƙofa, wadda ke buɗewa da rufe ƙofofi goma sha biyu na ganuwar Tudun Ƙarfe. Ganuwar ba ta ƙasa ba ce, ta gilashin tara hasken rana ce, tsayinta ya kai bene bakwai. An zagaye garin da ita tun lokacin da zafi ya fara kayar da mutane a kan titi. Madatsar ruwa ɗaya tilo da ta rage a yankin kuwa tana ciki.

Lawandi ya tsani kukan faifan nan. Wata uku ke nan da hukumar gari ta ba shi kujerar kula da Sarkin Ƙofa, kujerar da ƙanen mahaifinsa, Baffa Maikano, ya tsufa a kai. Shi tsohon sai aka mayar da shi gadin bakin ɗakin kwamfutar. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Aikin yau ba wuya gare shi. Za a kwashe babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar daga tsohon faifai zuwa sabo, irin wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ma'aikata ke kiransa bebe. Kowane faifai a rabe yake ɗaki-ɗaki. Sai a kwafi ɗakunan, a ɗaura sabon, a gwada. Ƙa'ida kuma ita ce a ajiye tsohon mako guda kafin a goge shi.

Allon ya nuna ɗakuna huɗu. Uku suna da suna, suna cikin littafin hukuma. Na huɗun ɗan ƙarami ne, ba suna, ba bayani. Lawandi ya ja tsaki ya cire shi daga jerin abin da za a kwafa.

"Injiniya," in ji Baffa Maikano daga kan bencinsa, yana ɓare goro, "ɗakuna nawa ka gani?"

"Gadi aka ce ka yi, Baffa. Ka yi gadinka."

"Da ka tambaye ni, da na gaya maka wani abu."

"In tambaye ka me? Shekara talatin kana tara shara a cikin na'urar mutane, ita ce yau nake sharewa."

Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya jefa goro a baki. "To. Allah ya ba da sa'a."

Minti arba'in aka gama kwafa. Lawandi ya ɗaura beben, ya danna. Kwamfutar da ke cin minti goma sha ɗaya kafin ta farka, sai ga ta tsaye cikin daƙiƙa huɗu. Fitilu goma sha biyu duk kore. Ɗakin ya yi tsit.

Baffa Maikano ya taso ya miƙa hannu. "Ba ni tsohon in adana."

Lawandi ya san abin da zai biyo baya. Muddin faifan nan yana nan, ko tari na'urar ta yi, sai an ce a koma wa na Maikano. Yana kallon tsohon ido cikin ido ya zura faifan a injin gogewa, ya danna. Injin ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru.

"Innalillahi," in ji Baffa a hankali. "Yau wace rana ce?"

"Alhamis. Sai me?"

Amsar ta zo kafin azahar. Kyamarar Ƙofar Gabas ta nuno ƙura, daga cikin ƙurar kuma ƙahoni suka fito, shanu sun fi ɗari huɗu. Wani dogon dattijo ya tsaya a gaban ƙofar, ya sa hannu a kunne, ya yi wani dogon kira irin na makiyaya. Ya jira. Ya sake. Ƙofar ko motsi.

"Ardo Manu ke nan," in ji Baffa. "A kan mashayar kakanninsa aka haƙa madatsar nan. Doka ta hana shanu shiga gari, amma dattawanmu da nasu suka zauna suka yi alkawari: Litinin da Alhamis su shigo su sha. Hukuma ta ƙi sa hannu, ta dai kawar da kai. Ni na bi ruga-ruga na ɗauko kiran kowane gida, na zuba a ɗakin da ka kira shara. Ƙofar nan muryoyinsu take ganewa."

"Kuma kana zaune kana cin goro ba ka faɗa ba!"

"Ka tambaya? Ka ce in yi gadina!"

"Don ka kunyata ni ka bari!"

"Kai kuma don ka binne ni ka goge!"

Lawandi ya faɗa kan madannan kwamfutar. Ya ba da umarnin buɗe Ƙofar Gabas, Sarkin Ƙofa ya nemi lambar izinin masu shiga. Saniya ba ta da lamba. Ya yi ƙoƙarin buɗe sabon ɗaki ya ɗauki muryar Ardo, allon ya ce an kulle manhajar da hatimin hukuma shekara ashirin da suka wuce, ba a ƙara komai sai majalisa ta zauna. Zamanta na gaba saura kwana tara. Ma'aunin zafi a waje ya nuna digiri hamsin.

Sai na'urar ta yi abin da doka ta koya mata, kuma ta yi shi da saurin da ba ta taɓa yi ba. Jiragen gadi marasa matuƙi suka tashi daga kan ganuwa suna jiniya, suka sauko kan garken. Shanu suka watse suna tattake juna.

Da gudu suka fita ta ƙaramar ƙofar ma'aikata, tsoho da matashi, ba mai kallon wani. Zafin ya mare su. Maruƙa bakwai suna kwance, harshe a waje. Ta cikin gilashin ganuwa ana hango ruwan madatsar yana ƙyalli, shanun na danna hanci a jikin gilashin.

Ardo Manu bai ɗaga murya ba.

"Maikano, shekara talatin ina kira ƙofar nan tana amsa mini. Muryar mahaifina ma tana ciki. Wa ya kashe ta?"

Baffa ya dubi Lawandi. Lawandi ya dubi Baffa. Babu wanda ya iya cewa ba shi ba ne.

"Ranka ya daɗe, kwana tara kawai..." Lawandi ya fara.

"Ka gaya wa saniya kwana tara." Ardo ya saɓa sandarsa, ya juya ga garken. Ruwa mafi kusa tafiyar kwana biyu ne. "Ku riƙe ruwanku. Amma ranar da muka dawo, ba kira za mu yi ba."

Lawandi ya koma ɗakin shi kaɗai. Fitilu goma sha biyu suna nan kore, allon ya rubuta: an kawar da cunkoso a Ƙofar Gabas, babu matsala. Ya zauna a kujerar da ya ƙwata, ya kasa kunne ko zai ji ƙirr-ƙirr. Beben bai ce komai ba.