Auren da Aka Ɗaura don Kyamara

Ni na fara gani. Tun kafin 'yan gulmar tashar Salaga, tun ma kafin ita kanta Na'imatu ta san abin da ke ranta. Ban taɓa zama a aji ba, amma mutum irina da kwale-kwale ya kife da shi a mashigin Makango ya fito da hularsa a ka, ba a koya masa karanta fuska. Ranar da ta tsaya gaban rumfar gorona tana gyara wa wani dogon saurayi ɗan Yendi wuyan riga, na ce wa maƙwabcina, an gama.

Na'imatu 'yar Alhaji Faruq ce, gidan fataken goro tun kaka da kakanni. Ta ƙi goro, ta ƙi doya, ta buɗe kamfanin waƙa a tsohon shagon kakanta, ta sa masa suna Rijiya. Ita ke nemo mawaƙa, ita ke bin gidajen rediyo tana roƙo. Shekaru tana fama, ba waƙarta ɗaya da ta wuce Tamale. Saurayin nan, Fadlullah, shi ne muryar kamfanin, shi ne kuma ya yi mata alkawarin turo goro bayan an haƙa doya.

To, ga ta wata safiya a sitidiyo, ta tsare Fadlullah da tambaya.

"Sake faɗa mini. Me limamin Yendi ya ce?"

"Ya ce ya ɗauru, Na'ima." Fadlullah bai iya kallonta ba. "Auren ya ɗauru."

"Bidiyo ne fa..."

"Na faɗa masa. Ya ce akwai waliyyi, akwai shaidu, akwai sadaki, an ce an bayar, an ce an karɓa. Ya ce aure ba ya tambaya ko da wasa aka yi shi."

Ta zauna a kan sifika.

Ga yadda aka yi. Ta haɗa shi waƙa da Shakira, wata mawaƙiya 'yar Bawku, waƙar ango da amarya. Na'imatu kuwa ba ta son aikin ƙarya. Lalle na gaske, goro daga rumfata, malami na gaske. Da aka zo neman dattijan da za su zauna a tabarma, Shakira ta ce, "Anti, kada ki wahala, zan zo da tsoho." Ta zo da Kawu Osman, ƙanin marigayi mahaifinta, wanda aurenta ke hannunsa. Fadlullah ma, don a sauƙaƙa, ya kira nasa kawun. Na'imatu na bayan kyamara tana cewa, "Ku faɗa yadda kuka saba faɗa, kada ku rage komai."

Ba su rage ba.

Abin haushin, waƙar ta tashi. Labari ya bazu cewa auren gaske ne, daga Paga har Kumasi ba wayar da ba ta cikinta.

"Zan sake ta yau," Fadlullah ya ce. "Ko hannunta ban riƙe ba sai don kyamara. Ki ce in yi, rabin raina."

Wayarta na ta ƙara, masu biki ne daga Zebilla suna neman ango da amarya su zo wasa.

"Ka... ka ɗan jinkirta," ta ce a hankali. "Har waƙar ta gama tashe."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ni kike cewa in zauna da auren wata?"

"Na wucin gadi ne, masoyi. Ka san wahalar da na sha."

"Na sani. Ban dai san ina cikin kayan sayarwa ba."

Ya ɗauki hularsa ya hau motar Yendi. Ta kira, ta kira, shiru.

A gida ma ba sauƙi. Alhaji Faruq ya ce, "Na'imatu, ni na taɓa jin an ƙwace wa mace saurayi. Amma wadda ta sayi goro da kanta ta aurar da shi, sai a gidana. Kada mijin mutane ya sake tako mini zaure."

Ta kwana biyu ba ta buɗe shago ba. Duk inda ta bi, waƙar ce. Mai koko na rerawa, mai babur na rerawa. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya zo, ya zo yana cizonta.

Ta shirya ta tafi Bawku, hanya mai karya baya. Ta tarar da Shakira a tsakar gida ana yi mata kitso.

"Anti Na'ima, sannu da hanya. Kin zo gaida amarya?"

"Kin san wanda kika kawo ranar nan."

"Kin ce komai na gaske."

"Kina son sa?"

Shakira ta yi dariya har mai kitso ta saki gashin. "Wannan mai dogon wuyan? Anti, ni waƙa nake so. Ya sake ni ban shirya ba, Kawu Osman zai kai maganar gaban manyan Yendi, ni kuma in shiga rediyo ina kuka, in ce uwar ɗakinsa ta kashe mini aure. Mu ga mai sake sauraronsa, mu ga ko Alhaji zai ba shi ke. Amma ki bar mini waƙar dungum, da bidiyon, da sunana kaɗai a kai, ni da bakina zan nemi saki, in ce mun rabu lafiya."

"Ita kaɗai ce ta taɓa tashi a hannuna."

"Shi ma shi kaɗai ne, ko?"

Na'imatu ta ji kamar ta shaƙe ta. Sannan ta ce, "Kira kawunki ya zama shaida. Ya iya aikin."

Daga nan ba ta zarce Salaga ba, Yendi ta sauka. Ta same shi a gonar kawunsa yana ɗaure doya, laka har gwiwa.

"Hajiyar kamfani. An samo mini wata matar ce?"

"Na ba ta waƙar."

Ya saki igiyar. "Duka?"

"Duka. Rijiya ta koma yadda ka same ta, ba kowa, ba komai." Hawaye suka zubo mata, ta share da haushi. "Kada ka tsaya kana kallona. Na yi kuskure, na ce ka jira. Yanzu ni ce ba zan iya jira ba."

"Na'ima..."

"Ka je ka sallami 'yar mutane, ka wanke ƙafarka, ka turo goro. Baba zai kore ku sau ɗaya. Ku koma."

Aka yi sakin, aka turo goro, Alhaji ya kore su kuwa, har da rufe zaure. Suka koma. Da ya gaji, ya kafa sharaɗi guda, kada ya ga kyamara ko ta waya a wurin ɗaurin auren. Shi ya sa auren ƙarya duniya ta gani, na gaskiya kuwa sai mu da muka zauna a tabarma.

Da yamma wajen biki, mai kiɗa ya rasa abin sakawa sai waƙar nan, don yanzu ba a aure a arewa ba ita. Kowa ya juyo yana kallon amarya. Na'imatu ta cije leɓe, ta saurara har amshi ya zagayo, ta karkata wajen angonta ta ce, "Gangar ta yi ƙasa a waƙar nan. Tun ranar nan na so in ɗaga ta." Sai ta kama hannunsa suka shiga fili.

Duk wanda ya ce ƙarawa na yi, ya zo kasuwar Salaga ya tambayi rumfar tsohon da ruwa ya ƙi ci. Goron auren biyu duk ni na sayar. Ya zo ya ƙaryata ni ido da ido, in ya isa.