Tsuntsun Murfin Tukunya

A wani gari can da daɗewa, an yi wata maginiya mai son wasa da yumɓu. Ta gina murafen tukwane, kowanne da ɗan tsuntsu a kai. In tururi ya taso, sai tsuntsun ya yi kuka. Ta raba wa maƙwabta kyauta.

Kullum da rana tsuntsaye su yi ta kuka, unguwa ta yi ta dariya.

Ran nan maginiya ta ji kukan tsuntsun wata tsohuwa ya sirance. Da yake aikin hannunta ne, nan take ta gane ruwa zalla tsohuwar take tafasawa, don kada a san ba ta da abin dafawa.

Ta shiga da sallama. "Iya, tsuntsunki ya shaƙe. Kawo tukunyar in gyara."

Ta komo da ita cike da wake. "Gwadawa na yi, Iya. Bai gyaru ba, sai gobe."

Washegari ma bai gyaru ba. Kullum bai gyaru ba.

Da kaka ta yi, sai ga tsohuwa da tukunya cike da dambu.

"Ɗanɗana, 'yata," in ji ta. "Ina jin yanzu ya gyaru."