Tsohon da Ke Shanya Safa a Jirgi

Dariya ce ta fara haɗa Auta da Dogo. Jirgin ƙasan ƙarfe bakwai ne, a cike maƙil. Wata mata na yanke farce tana tarawa a cinya, wani mai kwat na sharar minshari da buroshi a baki, can bakin ƙofa kuwa wani tsoho ya shanya jiƙaƙƙiyar safarsa a ƙarfen da mutane ke riƙewa, yana yi mata fifita da hula. Dogo mai gyaran agogo ya dubi tsohon, ya dubi Auta, ya ɗaga gira. Ta ƙyalƙyale, kuma wallahi da ta san abin da dariyar nan za ta jawo mata, da ta haɗiye abarta. Tsohon mahaifinta ne.

Ban ruwan furanni yake yi a wani lambu tun da sassafe, sannan ya kama jirgi zuwa wani lambun, shi ya sa kullum ƙafarsa a jiƙe. Ita kuwa tun da ta fara aiki a ɗakin gwajin jini, da fararen kayanta fes, ta wata ƙofar take shiga ta zauna nesa.

Kafin sati biyu ita da Dogo sun yi musayar lamba. Suna tarago ɗaya, saƙo na kai da komo.

"Fitilata, Baba Mai Shanya ya buɗe shago. Yau ja ce, da huji a dunduniya."

"Kai dai ba ka da dama," ta mayar, kunya kamar ta kashe ta.

Wata biyar ana haka, soyayya ta yi nisa, Dogo ya ce zai zo gaida manya. Nan fa ta shiga kwana-kwana, yau Baba ya yi tafiya, gobe ba ya jin daɗi. Har ya rubuto: "In wani ne ya riga ni ki faɗa min, zan jure. Wannan ɓoye-ɓoyen ne ba zan iya ba."

Dole ta kwatanta masa gida. Da Baba ya buɗe ƙofa, Dogo ya sandare, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Tsohon ya karɓe shi da fara'a, har ya raka shi bakin titi. Da ya dawo sai ya ce bai amince ba.

"Yaron nan dariyar baƙo ya yi, bai san ni ba. Ke fa, Auta? Kullum ina ganinki. Na ga kina jin kunyata, shi ya sa nake kallon taga, kada bakina ya suɓuce in kira ki. Ba zan kai ki gidan da za ki riƙa ɓoye ni ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Washegari ta shiga jirgin ta ƙofar da Baba yake, ta kutsa cikin mutane, ta durƙusa da fararen kayanta a ƙasan tarago. "Babana, ina kwana," ta ce, da ƙarfin da sai da mai minshari ya farka. Dogo ma ya ratso ya durƙusa yana neman gafara, jirgi ya taka birki, sai ga shi rub da ciki a ƙafar surukin da yake nema. Fasinjoji dai ba a raba su da shiga sharo ba shanu: babu wanda ya san laifin, amma taragon gaba ɗaya ya ɗauka, a yafe musu, Baba, a yafe musu.

Tsohon ya matsa, ya ba 'yarsa rabin kujerarsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya. Allah Ya ba ku 'ya'yan da za su kira ku da ƙarfi a cikin mutane."