Wanda Ya Raba Layin Baba Kuo Uku

Ƙafafuwansa Pei-shan ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin teburin ofis, safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Da ya fito, ƙura har gira, ya ce sunansa Wen-hao, an turo shi duba kwamfutoci, sai ta manta wa ta kawo wa shayin da ke hannunta.

Masana'antar babanta a Taichung ƙarama ce, kayan keke suke ƙerawa. Baba Kuo kuwa hannunsa a sake yake, lambar sirrin intanet ma da jan fenti ya rubuta ta a bango. Injinan yankan ƙarfe, kwamfutocin ofis, wayar mai kawo abinci, duk layi ɗaya suke sha.

"Kawu, in cutar kwamfuta ta kama waya ɗaya, har injina sai ta kwantar," in ji Wen-hao. "A raba layin uku. Injina daban, ofis daban, baƙi daban, kowa da katangarsa."

"Ga maganin cuta can." Baba Kuo ya nuna koriyar ledar ƙwalam da ya ɗora kan kowane inji, yadda masu sana'a suke yi don na'ura ta yi ladabi. "Shekara tara ba su ba ni kunya ba."

Ranar da Baba Kuo ya tafi Tainan, Pei-shan ta sa hannu aka yi aikin. Washegari ta tura wa Wen-hao saƙo cikin fushi:

"A-Hao, wayata ta faɗa layin baƙi. Ashe baƙuwa ce ni a wurinka?"

"Shan-shan, wayarki ce baƙuwa, wasanni arba'in ne a cikinta. Ke kam tun ranar farko kika tsallake katangata."

Sau shida ta karanta. Gaskiya so ya gama kama ta.

Da maganar aure ta taso, Baba Kuo ya yi tsalle ya dire.

"Wanda ya shigo gidana sati ɗaya ya raba shi uku? In na ba shi 'ya, ni ma layin baƙi zai tura ni!"

Shi Yung-fu yake so, ɗan amininsa, mai mota mai sheƙi, wanda kullum yana masana'antar ba aikin fari ba na baƙi. Pei-shan ta sha kuka har idonta ya kumbura.

Wata Laraba Yung-fu ya kawo filashi cike da waƙoƙin walimar ƙarshen shekara, ya soka a kwamfutar ofis. Kafin shayi ya huce, allo uku sun yi ja, duk fayil ya kulle.

Baba Kuo ya ruga wajen injina, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tarar suna ta yankan ƙarfensu, ko tari babu.

"Kun gani? Ledata!" Ya ɗaga ta sama. Iska ce zalla. Ta biyu ma haka, ta uku ma.

Yung-fu ya sosa ƙeya. "Kawu, ai na ɗauka na baƙi ne. Tun wancan satin na cinye."

Kafin la'asar Wen-hao ya dawo da fayilolin daga ma'ajiyar da ya keɓe. Baba Kuo ya daɗe yana kallonsa.

"Kai, mai raba gida. Ka ce wa iyayenka su zo a duba rana."

Ranar biki ango da amarya suka durƙusa gaban Baba Kuo. Ya sauke wa Pei-shan mayafi a kan fuska, yana hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ku zauna lafiya, ku ga jikoki da tattaɓa-kunne. Ita kaɗai gare ni, ka riƙe min ita."

"Na yi alkawari, Baba."

Tsohon ya share hanci, ya jawo ango kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, firinta ta ƙi aiki tun jiya."